Tuwon da Ya Yi Ƙauri

Ƙofar Kwaya,
Katsina.

Zuwa ga yayan su Rakiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, tare da fatan ka sauka Kaduna lafiya, ka sami masauki mai kyau da maƙwabta na kirki. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon gari, ya sa ka shiga karatun nan da ƙafar dama. Babanku yana sa maka albarka, ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na sa Rakiya ta cusa wannan takarda a ƙasan jakarka, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san ba za ka kai hannu wurin ba sai abincin Kaduna ya ishe ka. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta a natse. Tana da tsawo, kuma ka san uwarka ba ta saba yi maka doguwar magana ba. In za a bi gaskiya, gajeruwar ma ba ta saba ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yi wa Rakiya, ita kuwa ka san cikinta ba ya riƙe magana. Ka ce mata idan malaman kwas ɗin nan na koyon rubuta labari suka yi maka shiru irin wanda na yi maka, za ka tattara takardunka ka bi Kawunka Sani Ikko, ka kama aikin da ya daɗe yana yi maka tayi a harkarsa ta siminti. Ban ƙi kasuwanci ba. Sani ƙanena ne, kuma tun da kuɗin man nan suka shigo ƙasa Allah ya buɗa masa, har mu nan muna cin arzikinsa. In ka je Ikko don ranka yana so, zan sa maka albarka. Amma a ce ka bar rubutu saboda ni, saboda na tashi na shige madafa ranar da kake karanta labarinka a tsakar gida, wannan kam ya hana ni sukuni. Zan zo kan maganar ranar nan. Ka bar ni in biyo ta hanyata, domin ni ma na taɓa zama ɗalibar irin kwas ɗin da ka tafi, kuma kusan kowane rami da ke kan hanyar sai da na faɗa shi.

Kana ƙarami ƙwarai lokacin, an yaye ka, kana hannun kakarka Iya, Allah ya jiƙanta. Ni kuma ina koya wa matan aure karatu a ajin yaƙi da jahilci, gida gida, daga nan unguwarmu har Ƙofar 'Yandaka. Sai aka aiko cewa ana neman malamai su je Zariya a koya masu rubuta ƙananan littattafai, don matan da suka fara haɗa baƙi su sami abin karantawa. Aka sa sunana. Dangin babanku suka yi ca, wai ina aka taɓa jin matar aure ta bar ɗakinta ta tafi wani gari koyon tatsuniya. Babanku ya bari suka gama, sannan ya ce mani, "Shirya kayanki ki tahi. In kin iya, ki dawo ki koya mani." Shi ya raka ni da kansa, ya sauke ni gidan 'yan'uwansa, ya juyo. Har gobe in na tuna sai na yi masa addu'a. Kai ma ka riƙa yi masa, don shi ya tsaya maka a kan wannan tafiya lokacin da Kawunka ya so ya janye ka.

Malaminmu a can wani dogon Bazazzagi ne mai jar tawada. Labarin farko da na ba shi, ya dawo mani da shi kamar an yanka kaza a kan takardar. Na ninke ta, na tura ƙasan akwati, na sha kukana, washegari na koma can bayan aji na zauna. Akwai wata Bakanuwa a cikinmu, Malama Asabe, takardarta ta fi tawa ja. Ita kuwa da an tashi sai ta bi shi har gindin kekensa, ta riƙe sirdin, tana cewa, "Malam, wannan jan na mene ne? To wannan fa? Ba inda za ka sai ka faɗa min." Mu kuma muna ƙyaƙyata dariya, muna cewa Kanawa dai ba kunya. Kafin shekara ta zagayo labarinta ya zama ɗan littafi, ni da kaina na riƙa koyar da shi a ajina. Ni kuwa na dawo gida da takardar shaida, da kunyata cif, ko ɓantare ta ba a yi ba.

Saboda haka in an ba ka takardarka ta yi ja, kada ka ɓoye ta. Wanda ya ɓata tawadarsa a kanka ya karanta ka har ƙarshe ke nan, kuma ba kowa zai yi maka wannan ba. Ka bi shi ka tambaya. Na san halinka, nawa ka ɗauko: in an taɓa ka sai ka haɗiye, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. A gida wannan hali ana kiransa kawaici. A aji asara ce kawai. Gwamnati ta biya malaman nan don a dame su, to ka dame su da ladabi.

Haka kuma ɗakin karatu. Akwai shi a inda muka yi kwas, cike da littattafai har rufi, amma sau ɗaya na leƙa. Na ga maza masu wando da kwat sun duƙufa, sai na ji kamar na shiga zauren da ba a gayyace ni ba, na ja mayafina na fito. Ba wanda ya kore ni, ni na kori kaina. An ce na Kaduna ya ninka wancan. Ka mai da shi gidanka na biyu. Ka karanta na Hausa, ka karanta na Turanci, ka karanta na ajami in ka samu. Littafin da ya gundure ka ma kada ka jefar da shi haka nan, ka koma ka nemo daidai shafin da hamma ta fara zo maka, ka tambayi kanka me marubucin ya yi a wurin. Ka kuma sami aboki ko biyu a cikin 'yan ajinku da za ku riƙa musayar rubutu, amma ba irin wanda komai ka nuna masa zai ce madalla ba. Da na riƙe Malama Asabe a lokacin maimakon in yi mata dariya, da na ƙaru da ita fiye da yadda na ƙaru da allo.

Wata rana a ajinmu na Zariya aka ce kowa ya tashi ya karanta nasa da ƙarfi. Ina buɗe baki na ce "hwara" da "tahi" yadda muke faɗa, sai aji ya ɗauki dariya. Malam ya tsawata masu, ya bayyana mana cewa akwai daidaitacciyar Hausa da aka amince a riƙa rubutawa don kowa ya gane, daga Sakkwato har Bauci. Gaskiya ya faɗa, kuma na gode masa, don da ita nake rubuta maka wannan. Amma ni da jin haushin dariyar nan sai na zarce. Na bi labarina na kankare duk wani abu mai ƙanshin Katsina. Tsohuwa, yaro, mahauci, ɓarawo, kowa a ciki ya koma magana kamar mai karanta labarun duniya a rediyo. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, wata Bafillatana mai tallan nono. Na juya ta, na juya ta, ta ƙi shiga bakin rediyo, na gaji na bar ta yadda nake jin irinta a ƙofar gidanmu.

Da na dawo gida, ina ɗoki, na zauna gaban Iya da hantsi zan karanta mata. Ka tuna ta dai, kullum tana bakin ɗakinta da auduga da mazari tana kaɗi, kai kuma kana kwance a gefen ƙafarta. Na karanta shafi, na karanta wani, mazari yana ta juyawa abinsa. Ba ta ko ɗago ba. Can ta ce, "Ke, wa'annan mutanen naki 'yan ina ne? Ni ban ji muryar kowa ba." Raina ya ɓaci, amma na daure na ci gaba. Sai na iso inda mai gida yake zargin Bafillatanar da zuba wa nono ruwa, ita kuma ta dafa ƙwaryarta ta ce, "Aradu ni ban zuba ba, nagge ce ta sha ruwa da yawa." Sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na ɗago ido, na ga mazarin ya kwanta a ƙasa, zaren ya saki, hannun Iya yana sama ta manta da shi. Ta ce, "To, ita wannan na san ta. Sai mi ya ce mata? Hwaɗi mana, kin tsaya kallona."

Iya ba ta taɓa ce mani labarina ya yi kyau ba, har ta koma ga Allah. Suruka ba ta yabon matar ɗanta a gaban idonta. Amma daga ranar nan na daina kallon bakinta, na koma kallon mazarinta. Duk abin da na rubuta sai in kawo mata tana kaɗi. Inda mazari ya ci gaba da juyawa, in sa alama, in koma in gyara. Inda ya tsaya, in bar wurin yadda yake. Malamin Zariya ya koya mani yadda ake gina labari, ita kuma ta nuna mani inda yake da rai, kuma ba zan iya ce maka ga wanda ya fi wani amfani a gare ni ba. Allah ya saka masu duka da alheri.

To kai ma ka nemi mai saurare wanda hannunsa ke cikin aiki: tela a kan kekensa, mai wanki, mai gyaran babur, duk wanda ka samu a unguwar da ka sauka. Ka karanta masa, kada kuma ka tambaye shi ko ya yi daɗi, don Bahaushe ba zai kunyata ka ba, zai ce ya yi. Hannunsa za ka kalla. Ka riƙe ƙa'idar da za a koya maka, ka yi bayaninka da ita, amma in mutanenka za su yi magana ka bar su su yi da bakinsu. Rakodar nan da Kawunka ya kawo maka tsaraba, wadda ka ishe mu da kiɗa da ita, ga aikin da ya dace da ita. Ka je tasha, ka je kasuwa, ka nemi izinin mutane ka ɗauki hirarsu, ka dawo ka saurari yadda suke yanke magana da yadda suke kewaye ta. Sai dai in ka ɗauko mutum za ka sa a labari, ka canza masa riga da unguwa. Katsina ƙarama ce, kowa ya san tafiyar kowa.

Yanzu ga ramin da ya fi ci mani rai. Bayan na gyara labarin nan da taimakon mazarin Iya, na kwafe shi da kyau, babanku ya kai gidan waya aka aika wa malaminmu a Zariya. Na zauna jiran amsa. Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru. Duk ranar da babanku ya dawo daga aiki sai in kalli hannunsa. Daga baya na daina kallo. Na ce wa kaina ai shirun nan shi ne amsar: mutumin kirki ne, ba ya son ya ce mani ban iya ba. Ban sake aikawa ba, ban tambaya ba, na ajiye alƙalami na kama renon ƙannenka.

Sai shekarar da muka je aikin hajji, na haɗu da Malama Asabe a sansanin alhazai, ta yi ƙiba har na kusa kasa gane ta. Ta rungume ni ta ce, "Ke 'yar Katsina, ina kika shige? Ai Malam ya yi ta cigiyarki." Ashe ba a daɗe da gama kwas ɗinmu ba aka yi masa canjin wurin aiki, saƙona bai taɓa isa hannunsa ba. Ashe kuma ya riƙe kwafen farko na zancen mai nonon nan, yana karanta wa ɗaliban da suka zo bayanmu, yana cewa su ji yadda ake sa mutum magana a takarda. Na tsaya a wurin, ga jama'a, ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba. Shirun da na ɗauka hukunci ne, ba kowa a cikinsa. Ni na cika shi da tsorona.

Ba na kuka da rabona. Matan da na koya wa karatu suna da yawa, wasu yanzu su ke duba wa jikokinsu aikin makaranta tun da aka buɗe firamare ga kowa, kuma in na shiga gidan biki sai an rasa inda za a ajiye ni. Na gode wa Allah. Amma littattafan da ban rubuta ba, ban rubuta su ba, kuma ba mai dawo mani da shekarun. Shi ya sa da Rakiya ta kawo mani maganarka na nemi alƙalami. Na ga ɗana yana shirin karanta shiru yadda na karanta shi, kuma wannan karon shirun nawa ne.

To bari in gaya maka abin da ya faru ranar nan. Bayan la'asar ne, babanku yana kan buzunsa, Gwaggonku ta zo wuni, ƙannenka sun kewaye ka. Ka fara karanta labarin tsohon makiyayin nan da fari ya tilasta masa kawo saniyarsa kara, kasuwar shanu, amma duk mai sayen da ya matso sai shi da kansa ya fara tona mata asiri: tana harbi, ba ta da nono, ga taurin kai. Ina zaune ina tsince shinkafar gobe. Da ka kai inda dillali ya ce masa, "Baba, sayar da ita ka zo yi ko ɓata mata suna?" sai na ji fuskata tana neman ba ni kunya. Kai ɗan fari ne. Ka san yadda muke. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗaukarka a gaban surukai ba, Iya ce ta goya ka. In na zauna Gwaggonku ta ga abin da ke fuskata, kafin magariba an kai labari har Ƙofar Marusa cewa wance ta zauna tana washe baki don ɗanta na fari. Sai na tashi na shige madafa.

Na riga na yi talge, lokacin tuƙi ya yi. Na zuba gari, na kama muciya, na matsa jikin bangon da ke kusa da ku. Kai kuma da ka ga na tashi sai muryarka ta faɗi, da ƙyar nake tsinto ta. Na tsaya ina kasa kunne. Ban san hannuna ya tsaya ba. Ina can tare da tsohon nan a kara, yana shafa wuyan saniyarsa yana yi mata ƙarya, sai ƙauri ya buge mani hanci.

Ka tuna tuwon ranar nan? Kai ka ci ka tashi, ranka a ɓace. Babanku ya kai loma ɗaya ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. Tun da aka kawo ki gidan nan ban taɓa cin ƙauri ba. Yau mi ya hwaru?" Na ce wuta ce ta yi yawa. Ya ce, "Lalle wuta ta yi yawa," yana murmushi, ya cinye tas har da neman ƙari. Shi ya san zancen mazarin uwarsa, ya gane. Kai ne ba ka sani ba, kuma ta ina za ka sani, tunda ban taɓa ba ka labarin ba? Al'adarmu ban ga laifinta ba, a cikinta aka rene ni kuma a cikinta zan mutu. Wautata ita ce na zaci za ka iya karanta ni yadda na karanta Iya, alhali ban koya maka inda ake kallo ba.

Kada kuma kanka ya kumbura. Akwai wurin da muciyata ta motsa: inda ka tsaya kana yi mana dogon bayani cewa tsohon yana ƙaunar saniyarsa, zuciyarsa tana ƙuna. Mun riga mun gani tun da ya ce tana harbi. Ka cire wannan, ko ka bari malaminka ya cire maka da jar tawada, ka kuma bi shi har gindin kekensa, ko motarsa, tunda yanzu malamai ma sun hau mota. Sannan ƙarshen ka haɗiye shi, ka karanta shi da sauri cikin wuyan rigarka don ka gama ka tashi. Na tambayi Rakiya, ta ce ita hankalinta ya koma kan ƙaurin. Babanku kuwa ya ce in tambayi mai labarin, don ya san ba zan iya ba. Har yau ban san ko an sayar da saniyar nan ba, kuma abin yana damuna.

Allah ya yi maka albarka. Ya buɗa maka ƙirji, ya haɗa ka da malamai masu gaskiya da abokai masu faɗa maka ita. Ya tsare maka sallarka da mutuncinka, ya kiyaye ka a hanyar Funtuwa da direbobin zamanin nan masu gudu kamar ana korarsu, ya dawo mana da kai lafiya. In malamanka sun yi magana ka saurara, in sun yi shiru ka tambaya, kada ka yanke wa kanka hukunci da bakin wanda bai ce komai ba. Sunan da ka gani a bayan ambulan rubutun Rakiya ne. Na gwada, hannuna ya ƙi.

In an ba ku hutun Sallah ka zo da labarin saniyar, da duk wani sabo da ka rubuta. Ka zauna inda ka zauna ranar nan, bayan la'asar, ka juya fuskarka wajen madafa, ka ɗaga murya. Ba zan fito ba, kada ma ka sa rai. Zan ɗora tukunya. In ka ji ƙauri, kada ka tsaya, ka karanta mani har ƙarshe.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.